Caca da Hukuma: Abin da Tarihin Haj Yusuf Yake Koya Mana

A ranar 22 ga Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci cewa dokar caca ta tarayya, wadda aka kafa a 2005, ba ta da iko sai a cikin Abuja. Kowace jiha ita za ta tsara wa kanta. A Legas hukuma tana ba gidajen caca lasisi tana karɓar haraji. A Kano kuwa Hisba ta ce za ta ci gaba da rufe shagunan cacar ƙwallo. Mai bi na Arewa ya sami kansa a tsakiya. Waɗansu a cikinmu suna cewa a ƙyale kowa ya yi abin da ya ga dama da kuɗinsa, gama mun sha wuya a hannun masu tilasta wa mutane addini. Waɗansu kuma, musamman iyayen da suka ga kuɗin makarantar ɗansu ya tafi a kan wasan da aka buga a Ingila, suna cewa a kama, a daka, a rufe.

Kafin mu zaɓi gefe, ya kamata mu dubi wata ƙasa wadda ta gwada hanyoyin nan biyu a cikin rayuwar mutum guda. Ƙasar ita ce Sudan, wurin da za mu tsaya mu duba kuwa wata unguwa ce ta gefen Kartum mai suna Haj Yusuf.

Me ya haɗa mu da Haj Yusuf?

Babban birnin Sudan garuruwa uku ne da suke fuskantar juna a inda rassan Kogin Nilu biyu suka haɗu, wato Kartum, da Umdurman, da Bahri. Haj Yusuf tana gabas da Bahri, a yankin da ake kira Gabashin Nilu. Ta cika ta batse da mutanen da fari da yaƙi suka koro daga Kudu, da Duwatsun Nuba, da Darfur. Wani sashe na yankin ma an san shi da sunan Karton Kasala, domin da kwali da buhu mutane suka fara yin ɗakunansu a can.

Dangantakarmu da wannan wuri iri biyu ce. Ta fari ta harshe ce. Tun da daɗewa Hausawa suke ratsa Sudan a ƙasa zuwa Makka, da yawa kuwa ba su kai ba, ko kuma ba su komo ba. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka jawo ƙarin ma'aikata daga ƙasar Hausa. Jikokinsu suna nan a unguwannin Kartum, kusan dukansu Musulmi ne, suna kuwa jin harshen da kake karantawa yanzu.

Dangantaka ta biyu ta bangaskiya ce. Mishan ɗin SUM, wadda Karl Kumm ya kafa a 1904, ita ce ta haifi ikkilisiyoyin da dā ake kira Ekklesiyar Kristi a Sudan a nan Nijeriya. Wani reshe na wannan mishan ya shiga Duwatsun Nuba, ya zauna a Heiban a 1920, daga nan aka sami Ikkilisiyar Almasihu ta Sudan. SIM kuma, uwar ECWA, ta yi aiki a wannan ƙasa tun daga ƙarshen shekarun 1930. Sa'ad da Nubawa da mutanen Kudu suka gudo Kartum, sun taho da ikkilisiyoyinsu, Haj Yusuf ta zama ɗaya daga cikin wuraren da Kirista suka fi yawa a birnin. Saboda haka labarinsu labarin gida ne, uwarmu ɗaya.

Sa'ad da gwamnati ta zama uwar caca

Kanar Ja'afar Numairi ya karɓi mulki a ranar 25 ga Mayu 1969. A farkon zamaninsa ba mai ra'ayin addini ba ne, da 'yan gurguzu ma ya fara tafiya. A 1970 Sudan ta ci Kofin Afirka a gida, ta doke Gana da ci ɗaya da nema. A 1972 aka sa hannu a yarjejeniyar Adis Ababa, yaƙin Kudu na fari ya ƙare. Mutane suka sami sararin numfashi, ƙwallo kuwa ta zama abin hira a ko'ina, musamman hamayyar manyan ƙungiyoyin Umdurman guda biyu, Hilal da Marrik.

A cikin waɗannan shekaru na 1970 ne aka buɗe wata caca da izinin hukuma, ana kiranta Toto Kora. Dattawan Sudan suna tunawa da ita har wa yau. Irinta ɗaya da cacar ful da iyayenmu suka sani a Kaduna da Jos. Mutum ya sayi takarda, ya cika abin da yake tsammani a kan jerin wasanni, ko masu gida su ci, ko baƙi su ci, ko a tashi kunnen doki. Hujjar da akan bayar a kan irin wannan caca, a Sudan da sauran ƙasashe, ita ce ribar za ta tafi wajen raya wasanni, kuma tun da mutane za su yi caca ko an so ko an ƙi, gara kuɗin ya shiga baitulmali.

Bari mu yi ɗan lissafi, gama a nan asirin yake. Kowane wasa yana iya ƙarewa ta hanya uku. In wasanni 10 ne a takardar, hanyoyin cika ta sun kai 59,049, guda ɗaya tak ce daidai. In wasanni 13 ne, hanyoyin sun kai 1,594,323. Sanin ƙwallo yana iya rage wannan nisa kaɗan, amma ba ya kawar da shi. Bugu da ƙari, kafin a raba wa wanda ya ci, mai gidan caca ya riga ya cire rabonsa daga kuɗin da aka tara. Wato jama'a a dunƙule kullum suna karɓar abin da bai kai wanda suka zuba ba. Idan gwamnati ce mai gidan, to wannan haraji ne, sai dai haraji ne wanda attajiri ba ya jin nauyinsa, lebura da mai tura amalanke su ne suke biya da murna, suna tsammani sa'arsu na tafe. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Malamai suka yi ta wa'azi a kan Toto Kora, suna cewa ita ce maisir da Alkur'ani ya hana, daga baya aka daina ta. Shi kansa Numairi ya fara juyawa. A 1977 ya sasanta da abokan hamayyarsa na addini, ya kafa kwamiti domin daidaita dokokin ƙasa da shari'ar Musulunci, Hasan al-Turabi kuma ya zama babban lauyan gwamnati a 1979. Gwamnatin da ta ba da izinin sayar da takardar caca, ita ce ta koma tana shirin dukan mai caca.

Zamanin bulala

A watan Satumba 1983 Numairi ya shelanta dokokin da ake kira Dokokin Satumba. Aka haramta giya da caca, aka rufe mashaya, shugaban ƙasa da kansa ya jagoranci zubar da giya a cikin Kogin Nilu. A watan Afrilu 1984 ya kafa dokar ta-ɓaci, tare da kotuna na musamman masu yanke hukunci nan take. Wannan ya zo daidai da babbar yunwa ta 1984 zuwa 1985, sa'ad da dubban mutane daga Kordofan da Darfur suka yi sansani a bayan Umdurman, yaƙin Kudu kuma ya riga ya sake tashi tun Mayu 1983. Waɗanda aka yanke wa hannu, da waɗanda aka yi wa bulala, yawancinsu irin waɗannan matalauta ne da baƙi. A ranar 18 ga Janairu 1985 aka rataye dattijo Mahmud Muhammad Taha, malamin Musulunci wanda ya soki dokokin. Ba a cika wata uku ba, a ranar 6 ga Afrilu, mulkin Numairi ya faɗi. Dokokin dai ba a soke su ba.

Umar al-Bashir ya hau mulki a ranar 30 ga Yuni 1989, a 1991 kuma ya kafa sabuwar dokar laifuffuka. Sashe na 78 da na 79 sun yi magana a kan shan giya da cinikinta. Sashe na 80 shi ne na caca. Ya tanadi ɗaurin da bai wuce wata ɗaya ba, ko tara, ko bulala da ba ta wuce 25 ba, ga wanda ya yi caca, ko ya buɗe wurin yinta, ko ya zuga wani. Ya ba kotu iko ta rufe gidan ko ta ƙwace shi. Ya kuma bayyana cewa cacar tikiti da kowane wasan sa'a suna ciki. Sashen bai bambanta Musulmi da Kirista ba. Mai karatu ya lura da abu guda: hukuncin wanda ya zuba kuɗin cefanensa ya yi hasara, da na wanda ya kafa tarkon ya kwashe, duk a layi ɗaya aka rubuta su.

A 1996 Jihar Kartum ta ƙara da Dokar Kiyaye Tsarin Jama'a, mai 'yan sandanta da kotunanta. Mutanen unguwanni irin su Haj Yusuf sun san kalmar kasha, wato samamen da akan kawo ba zato, a kwashe mutane a mota. Sau da yawa shari'ar ba ta ɗaukar lokaci, ba lauya, a yanke hukunci a zartar a ranar. Waɗanda suka fi shan wannan wuya mata ne, gwauraye da waɗanda yaƙi ya raba da mazansu, masu dafa marisa da aragi domin su ciyar da 'ya'ya. Kurkukun mata na Umdurman ya cika da matan Kudu da na Nuba, waɗansu da goyo a baya.

Abin da ya sami masu giya shi ne hoton yadda irin wannan doka take aiki a kan kowane laifi na ɗabi'a. Mutanen Sudan suna son wasan karta, suna da konkan da wist da harik, suna kuma buga dumna a kulob da bakin titi, yawanci don nishaɗi kawai. Ɗan sanda ba shi da hanyar sanin inda kuɗi ya shiga wasa sai inda idonsa ya kai. Idonsa kuwa yana kaiwa gindin bishiya da rumfar kara, ba ya tsallake katangar mai hali. Mutumin da gidansa kwali ne ba shi da wurin ɓuya. Ga wanda yake da ɗan abin hannu kuma, tara da cin hanci sukan tsaya a madadin bulala. Haka dokar da aka kafa da sunan tsabtace al'umma ta zama wani nauyi a kan wanda ba shi da kowa. Hukumar da take wannan samame ita ce kuma take rushe majami'u da hujjar tsarin gari, kamar yadda aka rushe wata majami'ar Ikkilisiyar Bishara ta Presbiteriya a Haj Yusuf a watan Fabrairu 2018. Ba abin mamaki ba ne in Kirista na can suka ƙi jinin duk wata doka mai shiga rayuwar mutum.

Bulala ba ta kai zuciya ba

Shin shekarun nan na tsanani sun kashe kwaɗayin kuɗin banza? Abin da ya faru a Al-Fashir ta Darfur ya isa amsa. Wajen 2009 aka buɗe wata harka wadda daga baya aka sa wa suna Kasuwar Mawasir. Mutum ya kawo motarsa ko kayansa ko kuɗinsa, a ba shi cek na kuɗin da ya fi ƙimar abin nesa, a ce ya dawo bayan 'yan makonni ya karɓa. Na farko suka karɓa, labari ya bazu, jama'a suka yi ta kawowa. Da kuɗin na baya ake biyan na gaba. A 2010 abin ya rushe, dubban mutane suka rasa dukiyarsu, aka yi zanga-zanga har aka rasa rayuka. Ba karta a wurin, ba takardar Toto, an ma sa wa abin rigar ciniki. Amma ruhun caca ne sak, a ƙasar da caca take da hukuncin bulala. Kwaɗayi mabuɗin wahala, doka kuwa ba ta da makullinsa.

Al-Bashir ya faɗi a ranar 11 ga Afrilu 2019. A Nuwamba na shekarar gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdalla Hamdok ta soke Dokar Kiyaye Tsarin Jama'a. A Yuli 2020 aka gyara dokar laifuffuka, aka cire hukuncin ridda, aka soke bulala a laifuffuka da yawa, aka sassauta dokar giya ga waɗanda ba Musulmi ba. Caca ba ta cikin abubuwan da aka halatta. Sojoji suka kifar da wannan gwamnati a ranar 25 ga Oktoba 2021, yaƙi kuma ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu 2023. Haj Yusuf ta yi kusan shekara biyu a hannun dakarun RSF kafin sojojin gwamnati su karɓe yankin a Maris 2025. Jama'arta da yawa suka watse zuwa Masar, da Sudan ta Kudu, da Yuganda, da sauran wurare. A wannan warwatsuwa kuɗi ya koma tafiya ta wayar hannu. Wayar da uwa take karɓar taimako da ita daga ɗanta na nesa, ita ce kuma ƙofar da gidajen caca na intanet suke shigowa ta ciki, ba kuwa kasha da za ta iya kai samame a aljihun kowa.

Waɗanda suka buɗe ƙofa

To, tun da bulala ta kasa, sai a saki abin gaba ɗaya? Waɗanda suka saki sun ba mu labari. Ingila ta kafa sabuwar dokar caca a 2005, ta sassauta talla, ta ɗauki caca kamar kowace sana'ar nishaɗi. Shagunan caca suka cika da na'urorin da mutum zai iya zuba fam 100 a kowane juyi, juyin kuwa bai wuce daƙiƙa 20 ba, shagunan kuma suka fi yawa a unguwannin matalauta. Bayan doguwar gwagwarmaya, wadda ikkilisiyoyi suke cikinta, har da Bishop na St Albans na Ikkilisiyar Ingila, aka rage kuɗin zuwa fam 2 a Afrilu 2019. A Afrilu 2020 aka hana yin caca da katin bashi. Kenya ma ta bar cacar ƙwallo ta waya ta yaɗu a tsakanin matasa, har a Yuli 2019 gwamnati ta ƙi sabunta lasisin kamfanoni fiye da 20. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta sa jarabar caca a jerin cututtuka. Ƙasashen nan da suka buɗe ƙofa wayam, daga baya sun komo suna neman sakata, bayan gidaje da yawa sun riga sun mutu.

Dalilin a fili yake. A ciniki na gari, mai saye da mai sayarwa duka suna komawa gida da amfani. A caca ribar mai gida ita ce hasarar baƙonsa, mafi yawan ribar kuma daga wanda ya kasa dainawa take fitowa. In ba doka a kansa, mai gidan caca ba shi da dalilin da zai ce wa mutum ya isa haka.

Matsayin mai bi

Littafi Mai Tsarki bai kawo wata aya mai kiran caca da suna ta haramta ta ba, kada mu ƙaga abin da ba a rubuta ba. Amma doka ta goma ta hana ƙyashin abin maƙwabci, caca kuwa ba ta da wata riba sai kuɗin maƙwabci. Karin Magana 13:11 ya gwada dukiyar da aka samu a sauƙaƙe da wadda aka tara kaɗan kaɗan, ya nuna wadda take daɗewa. Bulus ya gargaɗi Timoti a kan masu ɗokin yin arziki da irin tarkon da suke faɗawa (1 Timoti 6:9,10). A gindin gicciye ma, sojoji kuri'a suka jefa a kan rigar Ubangijinmu, shi kuwa yana shan azaba a bisansu (Yahaya 19:23,24). Ba mu da shakka a kan abin da za mu koya wa 'ya'yanmu.

Abin da za mu roƙa wa hukuma shi ne yake bukatar hankali. Daga tarihin nan muna iya cewa abu uku. Na ɗaya, kada gwamnati ta zama uwar caca ko ta dogara ga harajinta, gama wanda yake ci daga abu ba zai so ya ragu ba. Na biyu, kada mu goyi bayan dokar da za ta daki mai caca ko ta ɗaure shi. 'Yan'uwanmu na Haj Yusuf sun ga a kan bayan wa irin wannan bulala take sauka. Na uku, nauyin doka ya hau kan mai gidan. A hana shi karɓar kuɗin yara, a hana shi talla a kusa da makaranta da tsakiyar wasa, a sa iyaka ga abin da mutum zai zuba, a hana ba da bashi domin caca, a rufe wanda ya ƙetare. Inda jama'ar wata jiha suka zaɓi hana shagunan gaba ɗaya, to a rufe shago, a bar yaron da aka tarar a ciki ya koma gida. A kan wannan muna iya haɗa baki da maƙwabtanmu Musulmi, gama ɗansu da namu layi ɗaya suke bi a ƙofar shagon.

Sauran aikin namu ne, ba majalisar da za ta yi mana. Matan Sudan, Kirista da Musulmi, suna da abin da suke kira sanduk, wato adashinmu. Kowa ya zuba, kowa ya ɗauka a ranarsa, ba wanda ya koma gida hannu wofi. Zumuntar mata ta san wannan tun tuni, ya kamata ƙungiyoyin matasa su koya, a haɗa da koyon sana'a. Ya kamata kuma mu dubi kanmu. Ikkilisiyar da take sayar da tikitin sa'a domin ginin majami'a, ko mai wa'azin da yake alkawarta wa mutane cewa baikonsu zai komo ninki ɗari kafin ƙarshen wata, yana shuka irin da shagon caca zai girba.

In kuwa akwai wani a cikin ikkilisiyarku wanda abin ya kama, ya ci kuɗin haya, ya ci na makaranta, yana jin kunyar shiga sujada, dattawa su je wurinsa tun bai kai ga fid da zuciya ba. A zauna da shi da matarsa a lissafta bashin, a sami amintaccen mutum ya riƙe masa kuɗi na ɗan lokaci, a nema masa taimakon likita in ya kama. Bulus ya ce wa Galatiyawa su komo da irin wannan ɗan'uwa cikin tawali'u, suna lura da kansu (Galatiyawa 6:1). Mu kuma riƙa tunawa da masu bi na Haj Yusuf a cikin addu'a, da waɗanda suka koma kangon gidajensu, da waɗanda har yanzu suke baƙunci a ƙasar wasu. Allah ya ba Sudan salama, ya ba masu mulkinmu hikimar yin doka mai kāre matalauci. Amin.